TARIHIN ANDREW FOSTER, KURMAN DA YA HORAR DA MALAMAN KURAME

Sa'ad da malaminmu na Hausa ya ce kowa ya zaɓi wani shahararren mutum wanda ya daɗe da rasuwa ya rubuta tarihinsa domin mujallar makaranta ta bana, sai 'yan ajinmu suka shiga rububin sunayen da muka saba ji tun muna firamare. Wannan ya ɗauki Sarauniya Amina, wancan ya ɗauki Sardauna, wani kuma Malam Aminu Kano. Ni kuwa sai na ɗauki wani mutum wanda na tabbata da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla ba su taɓa jin sunansa ba. Ba Bahaushe ba ne, ba ma ɗan Nijeriya ba ne, addinina da nasa kuma ba ɗaya ba ne. Sunansa Andrew Foster, baƙar fata ne ɗan ƙasar Amurka, kuma kurma ne. Kafin in shiga tarihinsa ya kamata in gaya muku abin da ya haɗa ni da shi, don kada a ce na bar na gida na tafi neman na dawa.

Ƙauyenmu yana tsakanin Makarfi da Ikara. Ina da ƙanwa wadda a da muke yi mata laƙabi da aku saboda surutunta. Shekara huɗu ke nan da suka wuce, cikin tsakiyar bazara, tana da shekara shida, zazzaɓi mai zafi ya kama ta da ciwon kai, kafin gari ya waye wuyanta ya sanƙare. Babanmu ya ɗauke ta a babur aka kai ta asibiti, aka ce sanƙarau ne. Ta yi mako biyu a kwance, Allah ya yi da sauran kwananta, ta tashi. Muna cikin murna sai innarmu ta lura da wani abu. In ta kira ta daga baya ba ta waiwayowa. Aka yar da kwanon sha a bayanta ya yi ƙara, kaji suka watse, ita ko gezau. Nan muka gane ciwon ya tafi, amma ya tafi da jinta.

Abin da ya fi ba ni tausayi ya zo ne daga baya. Da farko tana magana kamar da. Sannu a hankali, da yake ba ta jin muryar kanta, kalmominta suka fara karkacewa. Yara suka riƙa yi mata dariya, ita kuma ta riƙa rage magana, har ta yi shiru. Mutane suka daina kiran sunanta suka koma ce mata bebiya. Aka cire ta daga firamare domin malaminsu bai san yadda zai yi da ita ba. Ban ga laifinsa ba, gama ba wanda ya koya masa. Mu ma mutanen gida ba wanda ya gaya mana cewa akwai dabarar da za a yi a riƙe mata maganar da take da ita.

A dogon hutun da ya wuce kawunmu ya kai ta Kaduna a auna kunnuwanta, na raka su. Muna zaune muna jiran layi sai ga waɗansu samari biyu suna hira da hannu, hira sosai, har da musu da ƙyalƙyala dariya. Ƙanwata ta ƙura musu ido ko ƙiftawa ba ta yi. Wata ma'aikaciya da ta iya maganar hannu ta haɗa mu da su, ashe ɗayansu malamin makaranta ne mai takardar shaida. Na rubuta masa tambaya a takarda, ina son in san wanda ya fara kawo irin wannan karatu ƙasarmu. Ya karɓi alƙalamina ya rubuta suna guda ya miƙo mini. Daga ranar na shiga neman labarin mai wannan suna, ga kuma abin da na samu.

HAIHUWARSA DA ƘURUCIYARSA

An haifi Andrew Foster ran 27 ga watan Yuni, 1925, a wata unguwa da ake kira Ensley a birnin Birmingham, cikin Jihar Alabama ta kudancin Amurka. Mahaifinsa leburan haƙar kwal ne, watau dai gidan talakawa ya fito. An haife shi da jinsa garau. Yana da shekara 11 sanƙarau ya kama shi tare da wani ɗan'uwansa, dukansu biyu suka tashi kurame. Da na kai nan a karatun tarihinsa sai da na ajiye takardar na yi shiru, gama ciwon da ya kurumtar da shi, shi ne ya kurumtar da ƙanwata.

A zamanin nan kudancin Amurka yana cikin tsananin wariyar launin fata. Baƙi da farare ba su shiga makaranta ɗaya, ba su cin abinci wuri ɗaya. Har kurame ma an raba su. Saboda haka aka kai shi makarantar kurame ta baƙar fata da ke garin Talladega, wadda karatunta bai kai na sakandare ba. Ga talauci, ga kurumta, ga baƙar fata a ƙasar da ake ƙyamarta. Kowanne ɗaya daga cikin ukun nan ya isa ya sa yaro ya fid da rai da karatu.

Shi kuwa bai fid da rai ba. Yana ɗan shekara 17 ya koma birnin Detroit a arewacin ƙasar, inda masana'antun motoci suke. Da rana ya yi aikin ƙarfi, da dare ya yi karatu. Ya sami takardar shaidar aikin akanta, sa'an nan ya gama karatun sakandare ta hanyar wasiƙa, watau a aiko masa da darasi ta gidan waya, ya yi ya mayar, a duba a sake aiko masa da wani. Bai sami takardar sakandare ba sai a 1951, yana da shekara 26. Mu da muke nan, an ba mu ɗakin kwana da malamai da abinci sau uku, ya kamata mu tuna da wannan duk ran da kasala ta kama mu lokacin karatun dare.

A KWALEJIN GALLAUDET

A birnin Washinton akwai wata kwaleji da ake kira Gallaudet, wadda aka kafa a 1864 musamman domin kurame. Foster ya nemi shiga aka hana shi ba sau ɗaya ba, saboda launin fatarsa. Bai daina nema ba, har a 1951 aka karɓe shi. Ya yi karatun shekara huɗu cikin shekara uku, ya fita da digiri a fannin koyarwa a 1954. Shi ne baƙar fata na farko da ya sami digiri a wannan kwaleji, shekara 90 bayan kafa ta. Bai tsaya nan ba. A 1955 ya sami digiri na biyu a fannin ilmi a Jihar Michigan, a 1956 kuma ya ƙara wani a birnin Seattle a kan aikin mishan.

Da irin waɗannan takardu zai iya samun aiki ya zauna lafiya a ƙasarsu. Amma hankalinsa yana Afirka. Shi Kirista ne mai riƙo da addininsa, kuma bai ɓoye ba cewa yaɗa addinin yana cikin abin da ya kawo shi. Ya nemi ƙungiyoyin mishan su aiko shi, suka ƙi. Da ya ga haka sai ya kafa tasa ƙungiyar a Detroit a 1956, domin kuramen Afirka. Ya bi gari gari yana yi wa mutane bayani yana tara gudummawa, har ya sami kuɗin tafiya.

ZUWANSA AFIRKA

Ya iso Afirka ta Yamma a 1957, shekarar da ƙasar Gana ta sami mulkin kai. A lokacin makarantun kurame 12 ne kawai a duk faɗin Afirka, kusan dukansu kuma suna can arewa wajen ƙasashen Larabawa, ko can Afirka ta Kudu. An ce har waɗansu suka gaya masa wai babu yara kurame a nan. Gaskiyar magana ita ce akwai su, ɓoye su ake yi a cikin gida saboda kunya, ko a bar su suna gararamba. Wannan bai ba ni mamaki ba, domin na san gidajen da har yau in baƙo ya zo ake tura irin waɗannan yara ƙuryar ɗaki.

A unguwar Osu ta birnin Akra ya ari aji guda a wata makarantar mishan, yana amfani da shi bayan an tashi 'yan makarantar. Da yara ƙalilan ya fara. Kafin a jima labari ya bazu, iyaye suka yi ta kawo 'ya'yansu har wuri ya kasa. Daga baya aka mai da makarantar garin Mampong, ta zama ta kwana. Ita ce makarantar kurame ta farko a ƙasar Gana.

A 1960, shekarar da Nijeriya ta sami mulkin kai, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan, wadda kakanninmu ke kira Badun. A farkon shekarun 1960 ɗin kuma aikinsa ya kai Inugu, ya kai nan Kaduna, babban birnin Jihar Arewa a wancan lokaci. Ashe ke nan sawun mutumin nan ya zo kusa da mu ƙwarai tun kafin a haifi iyayenmu.

A 1959 ya halarci babban taron kurame na duniya a garin Wiesbaden na ƙasar Jamus, inda ya gamu da wata Bajamushiya mai suna Berta, ita ma kurma ce. Suka yi aure a nan Nijeriya a 1961, suka haifi 'ya'ya biyar. Ta zama abokiyar aikinsa har ƙarshen ransa, bayan rasuwarsa kuma ta ci gaba da riƙe ƙungiyar. Ta rasu a 2018.

HANYAR DA YA BI WAJEN KOYARWA

Don a gane muhimmancin abin da ya yi, sai mun koma baya kaɗan. A 1880 malaman kurame na ƙasashen Turai suka yi taro a birnin Milan na Italiya, suka yanke shawara cewa a daina koyar da kurame da hannu, sai dai a tilasta musu magana da baki da karanta leɓen mai magana. Kusan duk waɗanda suka yanke shawarar masu ji ne. Aka yi shekaru da yawa ana hana yara ɗaga hannu a aji, har ana horon wanda aka kama yana yi. Kaɗan daga cikinsu suka iya magana, da yawa kuwa suka tashi ba baki ba hannu, ba karatu. Sai a 2010, a wani taro irin wancan da aka yi a birnin Vancouver na Kanada, aka fito fili aka janye shawarar Milan tare da nuna nadama.

Foster ya san ciwon daga ciki, saboda haka bai bi waccan hanya ba. Shi a wurinsa duk ƙofar da za ta kai ka ga hankalin yaro, ka shiga ta nan. In hannu ne, a yi hannu. In yaron yana da sauran magana, a riƙe ta a gyara ta. A haɗa da rubutu, da hoto, da harhaɗa baƙaƙe da yatsu, da motsin fuska. Bai ɗauki magana da baki da maganar hannu kamar kishiyoyi ba. Abin da yake so shi ne yaron ya fahimta, shi ma a fahimce shi.

ABIN DA YA FI GINI

A ganina babban aikin Foster shi ne horar da mutane. Ya gane tun da wuri cewa mutum ɗaya, kome ƙoƙarinsa, ba zai iya koyar da kuramen nahiya guda ba, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka duk inda ya buɗe makaranta sai ya nemi waɗanda zai koya wa aikin, musamman kurame 'yan ƙasar, in sun ƙware ya danƙa musu, shi ya yi gaba. Masu hazaƙa daga cikinsu ya yi musu hanya suka tafi Gallaudet, kwalejin da a da ta rufe masa ƙofa.

Cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai Seth Tetteh-Ocloo na Gana. A nan Nijeriya akwai Gabriel Adepoju, wanda ya yi aikin kafa makarantar kurame a Ilori, da Ezekiel Sambo, wanda ya yi irin wannan aiki a Jihar Filato. Waɗannan duka kurame ne, kowannensu kuma ya yaye ɗalibai, ɗaliban nan su ma suka zama malamai. Malamin nan da na gamu da shi a Kaduna, wanda bai taɓa ganin Foster da ido ba, jikansa ne ko tattaɓa-kunnensa ta wajen ilmi.

A shekarun 1970 ya mai da Ibadan cibiyar horar da malamai daga ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka. Sukan zo su yi kwas na 'yan watanni, su koyi maganar hannu da dabarun koyarwa, su koma gida su buɗe aji. Ta haka aikin ya kai Kodebuwa, da Togo, da Cadi, da Sanagal, da Kamaru, da Jamhuriyar Binin, da Barkina Faso, da Gabon, da Kwango, da sauransu. Kafin rasuwarsa ya kafa makarantu fiye da 30 a ƙasashe 13. Shi ya sa ake kiransa uban ilmin kurame a Afirka. A 1970 Gallaudet ta ba shi digirin girmamawa na dakta.

RASUWARSA

Ran 3 ga watan Disamba, 1987, ya shiga wani ƙaramin jirgin sama zai tafi Kenya. Jirgin ya faɗi a ƙasar Ruwanda, ya rasu yana da shekara 62, shekara 30 cif bayan isowarsa Afirka. A bakin aiki ya rasu. A 2004 Gallaudet, wadda ta riga ta zama jami'a, ta sa wa wani babban ɗakin taronta sunansa. Da a ce shi kaɗai ya riƙe aikin, da ya faɗi tare da jirgin nan. Da yake ya horar da mutane, aikin bai tsaya ba.

INDA AKE YI MASA GYARA

Ba a rubuta tarihin mutum a ce ba shi da kuskure. Maganar hannun da Foster ya kawo ta Amurka ce, daga gare ta kuma wadda ake koyarwa a makarantun kurame na Nijeriya ta samo asali. Alhali kuwa kuramen ƙasar Hausa suna da tasu tun kafin zuwansa, wadda suke gado daga junansu, masu ji da yawa ma sun iya ta daidai gwargwado. Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Makarfi ya ga yadda ake cinikin rake da kurma har a yi ragi a sallama. Wata Bajamushiya mai binciken harsuna, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta rubuta littafi a kan wannan harshe, aka buga shi a shekarar 2000, ta nuna cewa cikakken harshe ne mai ƙa'idojin kansa. Masana suna ganin shigowar ta Amurka ta danne irin waɗannan harsuna na gida a wurare da dama. Yaro yakan tafi makaranta ya koyo hannun da uwarsa ba ta ganewa.

Wannan gyara ce mai kyau, amma ba ta rage masa daraja a idona ba. Ya kawo abin da yake da shi a lokacin da ba wanda ya kawo kome. Gyaran ya rage namu.

ABIN DA YA RAGE MANA

Ba kurame kaɗai ne suke bukatar wata hanyar magana ba. Akwai dattijon da hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki, hankalinsa garau amma harshe ya ƙi. Akwai yaron da aka haifa da ciwon da ya taɓa ƙwaƙwalwarsa, ba ya iya sarrafa harshe da gaɓoɓi, alhali yana gane duk abin da ake faɗi. Akwai wanda aka yi wa aiki a maƙogwaro. Kowa a cikinmu ya san irin waɗannan a unguwarsu, a Hunƙuyi ne, ko Kudan, ko Paki, ko Gubuci.

Akwai wani fannin aikin lafiya na musamman domin su, watau aikin gyaran magana. Mai wannan aiki yakan koyi yadda kunne da maƙogwaro da harshe suke aiki, da yadda yaro ke koyon magana tun yana goye. Yakan auna abin da mutum ke iyawa da abin da ba ya iyawa. In maganar baki za ta gyaru, ya yi ta yi masa atisaye har ta gyaru. In ba za ta gyaru ba, ya zaɓa masa wata hanya. Wani maganar hannu ce za ta dace da shi. Wani allon hotuna ne, ya riƙa nuna abin da yake so da yatsa, in yatsan ma ba ya motsi ya nuna da ido. Wanda ya iya karatu a ba shi allon baƙaƙe. Akwai kuma na'ura, har da wayar hannu, wadda in an taɓa hoto ko an rubuta kalma sai ta faɗe ta da murya. Shahararren masanin kimiyyar nan na Ingila, Stephen Hawking, ya rasa muryarsa a 1985, amma da irin wannan na'ura ya ci gaba da koyarwa da rubuta littattafai har rasuwarsa a 2018. Bayan duk wannan, mai gyaran magana yakan koya wa iyaye da malamai yadda za su yi amfani da abin, gama su ne ke tare da mutumin dare da rana.

A nan darasin Foster yake. Allo ko na'ura ba su da amfani in babu wanda aka horar ya zaɓa, ya koyar, ya bi sawu. Kuma gyaran da aka yi wa Foster ya nuna mana irin mutumin da ya kamata a horar: wanda ya ji Hausa, ya san gidajenmu. Allon da za a ba dattijo a Kudan dole a ga tuwo a jiki, da koko, da buta, da tabarma, da gona. In aka kawo wanda aka zana domin yaran Turawa, sai ya rasa abin da zai nuna.

Ba a ce ba a yi kome ba. A 1977 aka buɗe makarantar Tudun Maliki a Kano, a shekarar kuma aka kafa kwalejin horar da malaman ilmi na musamman a garin Oyo. Jami'ar Ibadan tana koyar da fannin ji da gyaran magana, Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero ta Kano suna da sashen ilmi na musamman. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999. A watan Janairu na 2019 aka sa hannu a dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci a Nijeriya. Amma duk waɗannan suna birni. Daga ƙauyenmu sai an yi kuɗin mota da na kwana kafin a kai gare su, manomi kuwa ba kullum yake da su ba. Muna da makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris a nan Makarfi. Burina shi ne in ga ranar da kowane ma'aikacin lafiya da kowane malamin firamare da zai fito daga wannan yanki zai fito da gaisuwa da tambaya ta maganar hannu, ya kuma san inda zai tura yaro in ya ga alama.

KIRA GA IYAYE DA 'YAN'UWANA ƊALIBAI

Iyayenmu, ku gafarce ni, yaro ne ke magana a gaban manya. Roƙona na farko a kan sanƙarau ne. Ciwo ne da ke kama rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar baya, yakan kuma lalata can cikin kunne. Ya fi yaɗuwa lokacin zafi da ƙura, a ɗakin da mutane suka cunkushe ba iska. A annobar 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, yawancinsu a nan Arewa. Akwai allurar rigakafinsa, in an zo yi a kai yara. In yaro ya yi zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, kada a jira gari ya waye. In ya warke kuma, a kai shi a auna jinsa da wuri. Mu ma 'yan makarantar kwana sai mu riƙa buɗe tagogi a ɗakunan kwananmu.

Roƙona na biyu, wanda Allah ya ba shi ɗa kurma ko marar magana, kada ya ɓoye shi, kada ya miƙa masa ƙoƙon bara. A kira shi da sunan da aka raɗa masa. A dube shi a fuska in ana yi masa magana. A nema masa makaranta. Da mahaifin Foster ya ce kurma ba shi da rabo a karatu, da dubban yara a ƙasashe 13 sun tashi cikin duhu.

Ku kuma 'yan'uwana, in aka tambaye mu abin da muke so mu zama, kowa sai ya ce likita, ko injiniya, ko soja. Duka suna da kyau. Amma ga wani aiki nan da ke neman masu yi. Ni dai na yanke shawara, in Allah ya ba ni nasara a jarrabawar ƙarshe, fannin gyaran magana zan nema.

Na ma riga na fara ɗan abin da zan iya. Malamin nan na Kaduna ya ba ni takarda mai hoton baƙaƙen yatsu, na haddace su a nan makaranta. Da na koma gida hutu na zaunar da ƙanwata a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, muka yi kwana tara muna fama. Ran na goma ta harhaɗa sunanta da yatsunta, baƙi bayan baƙi, ba kuskure. Sa'an nan ta kama hannuna ta nuna mini alamar da ta ƙirƙira wa kowa a gidan, ta innarmu, da ta babanmu, da tawa. Ashe tun tuni ta raɗa mini suna, ni ne ban sani ba, domin ban taɓa tsayawa na duba hannunta ba. Babanmu ya yi alkawari in an sayar da raken bana za a kai ta makarantar kurame. Allah ya cika mana wannan buri, ya kuma ba duk masu irin wannan ciwo waɗanda za su saurare su, amin.